Godiya ga Ofishin Cocin Methodist da Ya Adana Sunan Mahaifina

Zuwa ga Rabaran, da Mama sakatariya, da dattawan ikilisiyar Methodist ta ƙaramin garin nan da ke bakin layin dogo a kudancin Jihar Kaduna.

Ina gaishe ku da fatan alheri, ku da iyalanku. Abin da kuka yi mana ya fi ƙarfin godiya ta waya, shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta a fili inda kowa zai gani. Ni Musulmi ne, mazaunin Tudun Wada a cikin garin Kaduna, kuma kafin wannan lamari ƙafata ba ta taɓa taka harabar coci ba. Mama ta roƙe ni kada in saka sunanta ko na garin, na kuwa bi maganarta. Amma yabon gwani ya zama dole.

Mahaifina tsohon ma'aikacin gwamnati ne, da ɗan fanshonsa yake sayen maganin hawan jini da na suga. A wajen tantance 'yan fansho aka ce shekarar haihuwar da ke cikin fayil ɗinsa ta saɓa da wadda ke kan lambarsa ta NIN. Sunan ma bai daidaita ba, a wata takarda an haɗa shi da na mahaifinsa, a wata kuma da sunan garinsu, kamar yadda aka saba yi wa 'yan makarantar da. Nan take aka dakatar da kuɗin. Takardar rantsuwa ta kotu aka ce ba ta wadatar ba, sai dai a kawo tsohuwar shaida irin ta firamare. Takardunsa kuwa duk sun ƙone tare da gidanmu na da a rikicin watan Fabrairun 2000.

Daga nan muka shiga zarya. Wanda bai taɓa raka tsoho ofis ba ba zai gane nauyin abin ba. Ka ɗauko shi a keke tun da sassafe, ka riƙe shi ya hau bene da kumburarriyar ƙafa, a ƙarshe wata sa'ar jikarsa ta ce masa oga bai shigo ba, ko kai ba ta ɗaga daga wayarta ba. Gobe a ce sabis ya ɗauke. Jibi a ce mai riƙe da makullin ɗakin fayil ya tafi ɗaurin aure. A wani ofishin da ya kamata a ce takardun tsofaffin makarantu na hannunsa, ta taga aka nuna mini ɗakin ajiyar: rufi na yoyo, fayiloli zube a ƙasa sun manne da juna, gara ta cinye na gefen bango. Masinjan wurin ya ja ni gefe ya ce in na kawo wani abu za a buga mini sabuwar takarda da duk shekarar da nake so. Da na gaya wa Baba, sai ya ce bai ci haram yana bakin aiki ba, ba zai fara da furfura ba. Ranar da ta fi ci mini rai ita ce ranar da wani akawu ya ce masa a gaban jama'a, ku tsofaffi ku ne ke rage shekaru sannan ku zo kuna damun mutane. Baba bai tanka ba. Ya koma kan benci ya cire hularsa yana share ido da ita.

Shi da kansa ya tuno da makarantarku. Kakana leburan reluwe ne, mai gyaran layi. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sannan a shekarun 1920 aka haɗa layin Fatakwal da Kaduna ta Kafanchan, ƙananan tashoshi suka cika da ma'aikata daga kudu, akawuna da direbobi da makanikai, da yawansu 'yan Methodist. Inda suka sauka sukan fara sujada a ɗaki guda, daga baya su kafa makaranta. A tashar da aka tura kakana babu wata makarantar boko sai tasu, don haka ya sa ɗansa a ciki, da yamma kuma yaro ya ɗauki allonsa ya tafi wajen malam. Gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, sunan makarantar ma ya canza. Baba dai ya ce yana tuna wani babban baƙin littafi da hedimasta ke rubuta sunan duk yaron da aka kawo, in je in tambaya ko Allah zai sa a dace.

Na kama hanya zuciyata ba a kwance ba. Duk ɗan Kaduna ya san yadda kogin Kaduna ya raba mu, Musulmi da Kirista, tun bayan 2000, ya kuma san rikicin da ya faru a kudancin jihar bayan zaɓen 2011. Ga ni da gemu da hula, zan shiga coci a garin da ban san kowa ba, ina neman takardar da ta haura shekara sittin.

Cocin ƙarami ne, rufin kwano, ƙararrawarsa guntun ƙarfen layin dogo ne rataye a jikin mangwaro. Ofishin ɗaki ɗaya ne jikin gidan Rabaran. Na yi sallama, wata dattijuwa mai gilashi ta ɗago.

"Sannu da zuwa, ɗana. Shigo daga rana."

Sai da ta ba ni kujera, ta aiki yaro ya kawo ruwa, ta tambayi hanya da mutanen gida, sannan ta ce me ke tafe da ni. Tun da muka fara wannan wahala ba wanda ya bar ni na kai ƙarshen bayanina sai ita. Da na gama ta ce, "Baban naka yana da rai? To Allah ya ƙara masa lafiya. In dai nan ya yi karatu, sunansa ba zai ɓuya ba."

Daga baya na ji cewa tsohuwar malamar firamare ce, kuma aikin ofishin nan ba biyanta ake yi ba. Ta sa yaron ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur. Tana buɗewa ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Littattafai ne manya, kowane an naɗe shi a tsumma sannan an sa a leda, an manna takarda a baya da shekarun da ke ciki: na baftisma daban, na aure daban, na mamata daban, na makaranta daban. Ta ce lokacin da aka karɓi makarantar, sababbin masu ita ba su nemi tsofaffin rajistoci ba, dattawan wancan zamani kuwa suka ƙi zubarwa. Ba ta bar ni na taɓa shafi ba, don takardar ta yi laushi. Ta goge hannunta, ta ɗora rula a kan layi na farko, tana saukowa a hankali tana karanta sunaye a bayyane. Tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, amma rubutun tsaf yake.

Muka ƙare shekarar da Baba ya faɗa, babu. Ta gaba ma babu. Jikina ya yi sanyi, na fara yi mata godiya zan tashi. Ta ce, "Zauna, ɗana. 'Ya'yan reluwe ba sa zuwa farkon shekara, sai lokacin da aka yi wa iyayensu canjin tasha. A bayan littafi ake sa su." Ta juya can ƙarshe. Ga sunan mahaifina, ga na kakana, ga sana'arsa, ga ranar haihuwa da ranar shiga makaranta. Shekarar ta yi daidai da ta fayil ɗin aikinsa. Ashe wajen yin NIN aka yi kuskuren, tsohon bai taɓa rage ko kwana ɗaya ba.

Na kira Baba hannuna na rawa. Mama ta karɓi wayar ta gaishe shi da girmamawa, ta shiga karanto masa sunayen da ke sama da ƙasa da nasa. Ina jin muryarsa yana cewa wannan ɗan mai tuƙa jirgi ne, wannan shi ne gwanin ƙwallo, wannan ya rasu tun muna yara. Da ta kai wani suna ta yi dariya ta ce ai wannan yana nan, dattijon ikilisiya ne, gidansa na bayan kasuwa. Aka aika. Tsohon ya zo dogare da sanda, ya karɓi waya, ya kira mahaifina da wani laƙabi na ƙuruciya da ni ɗansa ban taɓa ji ba. Suka daɗe suna hira, ɗaya na tambayar ɗaya wa ya rage. Rabon da in ji Baba yana dariya haka tun kafin a tsayar da fanshon. Azahar ta same ni a nan, kafin in tambaya Mama ta sa an kawo buta, yaron kuma ya raka ni masallacin bakin tasha.

Da Rabaran ya dawo daga duba mara lafiya, ya duba shafin da idonsa, aka buga wasiƙa, ya sa hannu ya buga hatimi, aka bar ni na ɗauki hoton shafin. Na fito da ɗan abin goro na miƙa wa Mama, ta mayar mini da hannuna. "Ka saya wa Baba magani." Rabaran ya ce ba a biyan kuɗin duba rajista, in kuma na matsa sai na bayar, akwai asusun gyaran rijiyar burtsatse, za a ba ni rasit. Aka kuwa ba ni, da lamba da kwanan wata.

Na tambaye shi me ya sa suka damu da adana takardu haka. Ya ce abin gado ne. A 1742, a birnin Bristol na Ingila, mabiyan John Wesley, wanda ya kafa tafarkin Methodist, suna da bashin ginin ɗakin taronsu, sai aka kasa su rukuni rukuni na kimanin mutum goma sha biyu, kowa ya riƙa ba da kobo ɗaya a mako, shugaban rukuni na bi gida gida yana karɓa. A wajen bin gidajen ne shugabannin suka riƙa gano wa ke kwance, wa ya rasa aiki, wa ya daina zuwa, daga nan karɓar kuɗi ta zama kula da mutane. Wannan tsari na aji har yau suna kansa, kowane mamba yana da ajinsa da shugabansa, kuma sunansa na rubuce. Shekara ɗari cif bayan haka, ranar 24 ga Satumba 1842, ɗan mishan na Methodist Thomas Birch Freeman ya sauka a Badagry da ke Jihar Legas ta yanzu, daga nan aikin ya bazu, har cocin Methodist ta Najeriya ta samu cin gashin kanta a 1962. Ya ƙara da cewa su limaman Methodist ba sa dawwama a wuri ɗaya, bayan 'yan shekaru ake yi musu canji, don haka wanda zai tafi dole ya damƙa wa mai zuwa littattafai a gaban dattawa, a ƙirga a sa hannu. Wannan bayani ya tsaya mini a rai, domin a ofisoshin da na fito, in aka yi wa ma'aikaci canji, abin da ya sani yakan tafi tare da shi.

Ina jiran mota na ga sauran rayuwar wurin. Zumuntar mata suna gwajin waƙa da Hausa a gindin bishiya, da tulu da caki, a gefensu ga buhu kowace ta zuba ɗan mudun masara, wanda aka ce na gwauraye da marayu ne. A bakin rijiyar kuwa layin jarkoki ne, har da matan Fulani da suka sauke ƙwaryar nono suna jiran layi ya zo kansu, ba wanda ke tambayar wani addininsa. Yara 'yan birged, ƙungiyar yaran coci, na koyon maci a fili. Ikilisiyar ba ta da wani ƙarfi, yawanci manoma ne da 'yan fansho, tun da harkar jirgi ta ja baya a wannan layi garin ya yi sanyi, samari sun watse zuwa Kaduna da Abuja. Da ɗan baikon ranar Lahadi da abin da aka tara a bikin godiyar kaka suke riƙe duk wannan.

Wasiƙarku ta yi aiki, an gyara shekarar, fansho ya dawo, muna jiran ariyas.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne sauran tsofaffin da na bari a kan bencinan nan. Na san fuskokinsu. Akwai wata gwauruwa da ke zuwa daga Rigasa da takardun mijinta a cikin leda, akwai wani tsohon direba da ba ya ji sosai, ana daka masa tsawa kamar yaro. Ba kowannensu ne ya yi makarantar da wani ya adana rajistarta ba. Ofisoshin nan suna da kasafin kuɗi, da kwamfutoci, da janareta, da ma'aikata cike da ɗaki, amma fayil ɗin shekara biyar sai a ce ya ɓata, kuma ba wanda za a tuhuma. Asibitocinmu ma haka, kati ya ɓace a ce ka sake yanka. Kai, har a tsofaffin makarantunmu na Islamiyya da masallatan Juma'a, nawa ne ke da littafin da aka rubuta auren da aka ɗaura a cikinsu shekara talatin da suka wuce? Rikicin gado nawa ne ake yi a kotu yau saboda ba a rubuta ba? Mu ma ya kamata mu duba kanmu a nan.

Roƙona gare ku, Rabaran, littattafan nan sun tsufa, kuma akwati ɗaya ne, gobara ɗaya ta isa. A Kaduna akwai Gidan Arewa, cibiyar tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa tun 1970, akwai kuma reshen ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa. Ku tuntuɓe su, ko ku sa samarin ikilisiya su ɗauki hoton kowane shafi a ajiye a wurare daban daban. Ƙanena yana da shagon kwamfuta, ya ce duk ranar da kuka shirya zai zo da na'urarsa ya yi aikin ba tare da ko sisi ba. Baba kuma ya ce in gaya wa abokinsa, da zarar ƙafar ta yi sauƙi bayan damina, zan kawo shi su ga juna.

Allah ya saka muku da alheri, ya ba Mama lafiya da tsawon rai.

Naku,
jikan leburan reluwe,
Tudun Wada, Kaduna.