Ba kullum ne laifin kamfanin waya ba

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu POS da masu shaguna a nan Legas, musamman mutanenmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba. Da tiransifa ta maƙale sai a hau tsine wa kamfani, wani har ya canja layi, alhali sau tari shagon ne da kansa ya tare sabis ɗin.

Ta iska sabis ke zuwa daga ƙarfen sabis, kamar dai rediyo, kuma ba komai yake iya ratsawa ba. Katako da sauƙi, bulo na rage masa ƙarfi, kankare mai rodi ya fi cinye shi, ƙarfe kuwa mayar da shi baya yake yi. To mutum na zaune cikin kwantena, sama kwano, gefe bene hawa huɗu, ya kuma cusa na'urar ƙarƙashin kanta don tsoron ɓarawo, fisabilillahi ta ina sabis zai shigo? A ƙasar Filato dutse da kwari ne ke karewa, mu nan ƙasa shimfiɗe take, benaye ne duwatsunmu.

Masu ɗokin 5G ma su sani, wadda aka ƙaddamar a Legas a 2022 kan mita 3.5GHz (wato 3,500MHz) take, akwai gudu kam, amma duk sa'ad da mita ta yi sama ratsa bango na yi mata wuya, shi ya sa 4G ta kan 800MHz kan fi ta kaiwa lungu. Su kansu farantan nan da ke jikin ƙarfen sabis, masu haɗa wani ƙarfe da wani, sai sun hangi juna suke aiki, sabon bene ya shiga tsakani ko ruwa mai ƙarfi ya sauko irin na watan Yuni, shi ke nan.

Shawarata, a ɗaga na'urar sama kusa da ƙofa ko taga. Busta ɗin da ake tallatawa kuwa, wato na'urar ƙara ƙarfin sabis, a kiyaye, hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta hana amfani da ita ba izini don tana dagula wa maƙwabta sabis. Shugabannin kasuwanninmu su je su zauna da kamfanonin a kafa ƙananan eriya a cikin filazoji, kuɗin da ake karɓa hannunmu duk wata ai ya isa a yi wannan zirga-zirgar.

Naku,
Wani mai shago a Agege, Legas