Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar karatu 2024-2025

Assalamu alaikum yayyenmu da ƙannenmu na ƙungiyar tsoffin ɗaliban lisenmu, na nan gida Maradi da na Yamai da Damagaram har da waɗanda nema ya kai Kano da Kwatano. Ga rahoton shekara kamar yadda anka saba. Biro ya ce bana a rubuta shi da Hausa, tunda kundin tsarin ƙasar Nijar da anka sa ma hannu a watan Maris 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, kuma dama mu faɗi gaskiya in anka turo PDF da faransanci rabinmu ba buɗewa suke ba. Lissafin kuɗɗi ba ya cikin wannan, ma'aji zai turo nashi daban tare da rasit, kowa ya duba da idonshi.

Kun tuna gardamar da anka sha a babban taron bara, wasu na cewa mu tsaya kan bencina da rufin kilas kamar kullum, wasu na cewa zamani ya wuce nan yara su koyi ordinater. Daga ƙarshe anka raba kotizasiyon biyu. Rabin gyare-gyare ba shi da dogon labari, an gyara bencinan da sunka karye, an sake fentin tablo na kilas ɗin tarminal, an sa ƙofa ga makewayin 'yan mata, shi ke nan. Sauran maganar duk kan ɗayan rabin ce.

Ordinatocin da wani yayanmu ya aiko (ya ce kar a ambaci sunanshi, Allah ya saka mishi da alheri) okaziyon ne amma da ransu. Provizer ya ba mu wani ɗaki wanda da magaza ne, munka share munka jera su, ranar buɗewa har da hotuna da lemu. To daga nan aiki ya fara. Hunturu ya shigo, ƙurar Disamba da Janairu ba inda ba ta shiga, wani yaro mai gyara da munka ɗauko daga kasuwa ya kwance mana guda, fankar ciki ta cushe kamar an zuba mata garin gero. Muna fita daga ƙura sai zafi, kun san Afrilu da Mayu a garin nan, sama da digiri 40 kuma ɗakin rufin kwano ne, inji ya ɗan yi aiki sai ya kashe kanshi. Ga batun kuran, wutarmu ta layin Katsina take zuwa, kuma abin da munka gani daga Ogusta 2023 da Najeriya ta yanke har zuwa Maris 2024 ya ishe mu darasi. Shi ya sa biro ya zuba mafi yawan kuɗɗin ga fanon sola da batir da silin ɗin ɗakin. Solar ba ta ɗaukar injinan duka lokaci guda, amma tana riƙe kaɗan daga ciki da fanka da wurin sharji.

Wurin sharjin nan kuwa shi ya cika mana ɗaki, abin dariya. A waje dala goma yaro ke biya a sa mishi waya sharji, a nan kyauta ne, sai su zo su jona su zauna jira, to zaman jiran ne munka yi amfani da shi. Inji guda munka ware munka zuba mishi tsoffin sujen BEPC da na Bak na A4 da C da D tare da korije, waɗanda membobi sunka tono daga akwatuna anka ɗauke su hoto ɗaya bayan ɗaya, aka ƙara da Wikipedia ta faransanci da ta Hausa cikin Kiwix wadda ba ta buƙatar intanet, da GeoGebra, manhajar zanen lissafi, da bidiyoyin darasin lissafi da fizik. Yaro ya zo da waya ko kart memuwar a zuba mishi, shi kuma ya tura ma abokanshi ta Xender, ko mega ɗaya ba a ƙonewa. Wanda ya san fotokopi dala biyar ce kowane shafi zai gane abin da anka sauke ma iyaye.

Duk wanda ke nan gari ya zaga unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo bayan isha'i lokacin rebiziyon ya gani. Tablo jingine da bango, butar shayi kan gawayi, yara biyar shida kan tabarma, wata tsohuwar Itel mai fasasshen gilashi tana yawo hannu zuwa hannu, ɗaya na karanto egzarsis daga waya ɗaya na bugawa da alli, in sun cije sai a buɗe korije a yi ta musu kan inda anka ɓace. Fadar dai ita ce wadda munka sani tun zamaninmu, sai dai yanzu suje ba ya ƙare musu. A ganina cikin duk abin da munka yi bana wannan ne ya fi cin kuɗɗinshi, kuma shi ne mafi araha.

Sai malamai. Lokacin hutun Disamba ƙannenmu da ke karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo sunka ba da lokacinsu kyauta, sunka zauna da mushe-mushe da madam-madam kan buga dabuwar a Word da lissafin mayen, wato matsakaicin makin ɗalibai, a Excel. Wasu dattawan da farko kunya ta hana su zama gaban yaran da sunka koyar, sai da anka ware musu safiya su kaɗai. Wani mushen lissafi da ya kusa ritaya shi ya fi kowa kamuwa, da ya ga ana canza lamba guda a GeoGebra layin na lanƙwasa nan take sai ya ce shekara nawa yana zana wannan da alli yara na kallonshi kamar ba su gane ba, yanzu da kanshi yake jawo 'yan tarminal D zuwa ɗakin.

Gurup ɗin WhatsApp na kowane kilas kuma sai da anka sha fama. Satin farko ba komai ciki sai istika da musun Barsa da Real da saƙon nan na tura ma mutum goma, darasi ya nutse. Aka mayar da shi malami da shef ɗin kilas kaɗai ke iya turawa, tambaya kuma a kai ma shef ya tattara. Abin da yara sunka fi yabawa shi ne bokal, mushen fizik ya koyar da faransanci a kilas da safe, da yamma ya turo murya ta minti uku huɗu yana sake bayanin da Hausa, yaro ya saurara sau nawa yake so. Mun roƙi sauran malamai su gwada, wasu sun karɓa wasu sun ce zai lalata faransancin yara tunda da shi za su rubuta jarabawa. Ba mu tilasta kowa ba.

Yanzu ga inda ba daɗi. ChatGPT, manhajar nan da ke amsa tambaya ta rubuta ma mutum abin da ya nema, ya shigo lisenmu ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Mushen filo ya nuna mana takardun disertasiyon na gida, da yawa farkonsu iri ɗaya sak, faransanci tas babu kuskure ko ɗaya daga yaran da a kilas jimla guda ke gagararsu. Bai yi faɗa ba, ya kira ɗaya gaban tablo ya ce bayyana mana wannan sakin layi da bakinka, yaro ya tsaya yana kallon silin. Tun daga nan ya rage aikin gida ya koma na cikin kilas. A biro ma ra'ayi ya rabu, Elhaji mataimakin shugaba na ganin a hana kawai, ni kuma ina ganin hanawa ba ta yiwuwa tunda wayar tana aljihunsu, gara a nuna musu yadda za su tambaye shi ya bayyana abin da ba su gane ba, kuma a nuna musu yana shirga ƙarya da ƙarfin hali, mun gwada shi kan tarihin Katsinawan Maradi ya haɗa gaskiya da shirme. Ranar Bak dai ba waya a ɗakin jarabawa, daga kai sai bik.

Gab da jarabawa kuma 'yan damfara sunka taso, lambobin da ba a sani ba suna cewa suna da sujen bana a aiko kuɗɗi ta ajans. Akwai yaran da sunka faɗa, wani har kuɗɗin da uwarshi ta ba shi na rijista. Mun zaga kilas-kilas da sirbeyan muna jan kunne, a nan ne ma munka gano cacar ƙwallo ta waya ta ci wasu samarin sosai. Wannan ya fi ƙarfinmu mu kaɗai, mun kai maganar ga ƙungiyar iyaye.

Batun 'yan mata nake so Hajiyoyinmu su karanta da kyau. Namiji yana da fada da dare, yana da waya ko ta abokinshi. Yarinya in ta dawo lakwal ga aikin gida, bayan magariba ba fita, kuma iyaye da yawa sun rantse ba za ta riƙe babbar waya ba saboda TikTok da samari, ba kuma za mu ce ba su da hujja ba. To abin da munka kawo don taimako sai ya zamana yana ƙara ma maza gaba yana barin mata baya. Mun zauna da iyaye mata, anka daidaita safiyar Asabar ɗakin na mata ne zalla, wata madam na zaune da su, kuma ana zuba musu darasi a kart memuwar su sa a wayar inna su duba a gida gabanta. Ya rage amma bai warware ba, don wayar inna ita ma sau da yawa 'yar ƙarama ce mai maɓalli.

Sakamakon BEPC da Bak yana hannun provizer, zai karanto shi a taro, kuma kar wani ya ce mu munka jawo ko mu munka hana, shekara guda ba ta isa a yanke wannan hukuncin ba.

Tunda Starlink, intanet ɗin nan ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a Nijar a watan Maris 2025 'yan uwa na waje ke ta kira a saya ma ɗakin. Mun gode da kishi, amma sayen kayan ba shi ne wuyar ba, biyan kowane wata ne, kuma kotizasiyon ɗinmu kun san yadda take shigowa, wata ya cika wata ba kowa. Abin da ya fi damun biro shi ne yawancin yammaci ɗakin a kulle yake, makulli na hannun malamin da shi ma yana da kur a wata lakwal, yara su zo su tarar da kwaɗo su koma. Don haka shawarar da za mu kawo a ƙada ƙuri'a ita ce baɗi kar a sayi inji ko guda, a ɗauki matashi ɗaya cikin ƙannenmu da sunka gama jami'a suna zaune, a riƙa ba shi wani abu duk wata, ya buɗe ɗaki ya kakkaɓe ƙura ya lura da batir ya zauna da yara. Wanda ke da wata shawarar ya zo da ita da lissafinta.

Taro Asabar ta farko bayan rantire ne cikin lise da ƙarfe tara, na nesa za a kira su ta WhatsApp. Masu bashin kotizasiyon, jaka guda ce a wata ba ta canza ba, ma'aji ya ce bana zai karanto sunaye. Kuma duk mai tsohuwar Android da ke kwance a dirowa, in tana kunnuwa ya goge hotunanshi ya kawo, madam za ta riƙa ba 'yan matan tarminal aro da sanin iyayensu.

Sakataren ƙungiya