Kan maganar Komoros da karɓa-karɓar da baƙonku ya yaba

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Na saurari shirinku na makon jiya inda baƙon da kuka gayyato ya kawo ƙasar Komoros a matsayin abin koyi, wai sun rubuta karɓa-karɓa a kundin tsarin mulki kowa ya huta, mu ma a Najeriya mu kwaikwaya. To bai yi ƙarya ba, amma wallahi rabin labarin ya bayar, kuma rabin da ya bari shi ne mai amfanin.

Tsibirai huɗu ne tsakanin Mozambik da Madagaska. Akwai Ngazija, babban cikinsu, nan Moroni babban birni yake, sai Anjuwan mai hedikwata a Mutsamudu, sai ƙaramin Moheli mai Fomboni, sai kuma Mayot. Kusan dukkansu musulmi ne, yarensu ma kusan ɗaya, amma kafin zuwan Faransa ba a taɓa haɗa su ƙarƙashin sarki guda ba, kowane tsibiri da sarakunansa, Ngazija kaɗai ma sarakuna ne barkatai suna ta yaƙar juna. Faransa ta fara karɓe Mayot a 1841, sauran ukun sai 1886, a 1912 ta liƙa su duka a jikin Madagaska, sai 1946 aka ware su daban.

Inda gizo ya fara saƙar shi ne hedikwata. Da a Dzaoudzi take a Mayot, sai majalisar yankin ta yanke a 1958 a mayar da ita Moroni, ofisoshi suka tashi, aiki da kwangila suka bi su, mutanen Mayot suka ƙullaci abin. Shi ya sa da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Disambar 1974 tsibirai uku suka ce 'yanci, Mayot mafi yawansu suka ce a'a mu dai a bar mu da Faransa. Ita kuma Faransa da wayonta sai ta ce ai tsibiri-tsibiri za a ƙirga ba jimilla ba. Ahmed Abdallah, shugaban gwamnatin yankin a lokacin, ya ayyana 'yanci ranar 6 ga Yulin 1975, ko wata ɗaya bai cika ba aka hamɓarar da shi. Har yau tutar Komoros taurari huɗu gare ta alhali tsibiri uku gwamnati ke mulka, Mayot kuwa tun 2011 ta zama cikakken yankin Faransa, yuro suke kashewa, 'yan Anjuwan na ta hallaka a teku cikin ƙananan kwale-kwale wajen tsallakawa can, tafiyar da ba ta wuce kilomita 70 ba.

To ita karɓa-karɓar daga ina ta fito? A 1997 Anjuwan da Moheli suka ce sun ɓalle saboda komai Moroni ke cinyewa, Anjuwan har roƙon Faransa ta yi ta dawo ta karɓe ta, Faransa ta ƙi. Aka sha fama har aka yi yarjejeniyar Fomboni a 2001, aka ce shugabancin ƙasa zai riƙa zagayawa duk shekara huɗu, kuma kowane tsibiri ya samu shugabansa da majalisarsa da ministocinsa. Malam Edita ka duba fa, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba amma shugabanni huɗu, ina kuɗin albashi balle na asibiti. Na Anjuwan ɗin, Kanar Mohamed Bacar, da wa'adinsa ya ƙare a 2007 ƙin sauka ya yi, ya shirya zaɓensa ya ce shi ya ci, sai da sojojin Tarayyar Afirka daga Tanzaniya da Sudan suka sauka a Maris 2008 sannan ya tsere Mayot a jirgin ruwa. A 2009 aka rage wa shugabannin tsibiran tsawo suka koma gwamnoni, wa'adin shugaban ƙasa kuma ya koma shekara biyar.

Gaskiya abin ya zagaya sau ɗaya lafiya lau, wannan kam a ba su. Azali Assoumani na Ngazija a 2002, Ahmed Abdallah Sambi na Anjuwan a 2006, Ikililou Dhoinine na Moheli a 2011. Sai Azali ya dawo a 2016, ya kamata a 2021 ya miƙa wa Anjuwan, amma a 2018 ya kira ƙuri'ar raba gardama wadda 'yan adawa suka ƙaurace wa, aka ba shugaba damar wa'adi biyu a jere, aka soke kujerun mataimakan shugaba da ake raba wa tsibirai, ya sake tsayawa a 2019 da 2024, yanzu sai 2029. Shi kuwa Sambi ɗaurin rai da rai aka yanke masa a 2022.

Duk wannan baƙonku bai taɓo ko ɗaya ba, kuma mai gabatarwa ma bai tambaye shi ba. Don Allah ku sake gayyato shi, a tambaye shi me 'yan Anjuwan suka samu daga rubutun da ke cikin kundin tun 2021 da suke jiran layinsu, in da hali ku haɗa shi da wani masanin tsarin mulki su fafata mu ji.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai sauraronku a kullum, daga Zariya.