Wasiƙa kan rigimar Wagner

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya sanyin Jamus? Wata huɗu shiru, sai ga saƙonka layi biyu wai Wagner makaɗin Hitler ne, shi ke nan. Haba malam! Richard Wagner, mai tsara kiɗan wasannin opera ɗan Jamus, mutumin da ya mutu a 1883, Hitler kuwa sai 1889 aka haife shi.

Ƙin Yahudawa kam ba mai wanke shi. Ya rubuta maƙalar ɓatanci a kansu a 1850 da sunan aro, ya sake buga ta a 1869 da sunansa. Matar ɗansa, Winifred, kuma ita ta shimfiɗa wa Hitler tabarma a Bayreuth, garin da Wagner ya gina gidan wasansa. Amma shi ɗin nan ne ya shiga boren Dresden a Mayun 1849 tare da Bakunin, ɗan juyin juya hali na Rasha, aka ba da sammacin kama shi, ya tsere Zurich. Nan 'yan gurguzu suka kafa hujjar cewa nasu ne.

Marubuci Bernard Shaw, a 1898, ya ce wasannin opera guda huɗu na Wagner da ake kira Zobe labarin jari-hujja ne. A cikin labarin, wani wada mai suna Alberich ya rantse ya bar soyayya don ya sace zinaren kogin Rhine, ya ƙera zobe, ya tura 'yan'uwansa haƙar ma'adinai da bulala. Wagner ma ya rubuta a sa uwar maƙera guda 18 a bayan dandamali, ƙanana tara, matsakaita shida, manya uku, ana dukansu da guduma har sauran kiɗan ya ɗauke. Masana'anta kake ji da kunnenka.

  

Inda na fi so ka duba shi ne Adorno, masanin falsafa ɗan Jamus. Ya rubuta nasa littafin kan Wagner yana gudun hijira a 1937 zuwa 1938, aka buga a 1952, kuma yadda ake haɗa sautin ya sa wa ido. A gidan wasan Bayreuth da aka buɗe a 1876, makaɗa suna cikin rami ƙarƙashin dandamali, an rufe su da murfi, masu busa ƙahonin tagulla can ƙasa. Sautin yakan fara bugun dandamali, ya cakuɗa da muryoyi, sannan ya dawo wa jama'a da ɗan jinkiri, shi ya sa sabon jagoran makaɗa kan rikice. Mai kallo ba ya ganin hannu ko gumi. Adorno ya ce haka haja take a kanti: tana sheƙi, an ɓoye leburan da ya yi ta. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Inda muka raba gari shi ne batun take, wato gajeren kiɗan da ke wakiltar wani abu ko wani mutum a wasan. Zobe, takobi, fada, kowanne da takensa, Adorno kuwa ya ce maimaita su kamar talla ne. Ai taken ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tsakanin fitowa ta ɗaya da ta biyu a wasan farko, taken zobe yana narkewa a hankali har ya zama taken fadar Wotan, sarkin alloli a wasan. Kiɗan da kansa ya tona cewa ɓarawo da sarki kwaɗayi guda ke jan su.

Nemi bidiyon shirin Zobe na darakta Patrice Chéreau da jagoran makaɗa Boulez, wanda aka fara a 1976, inda kogin ya zama madatsar lantarki, aka yi musu ihu. Saurari wurin da taken zobe ke zama taken fada sau biyu ka rubuto min.

Gaida madam da yara.

Naka har kullum.