A Bar Kalkuleta Mai Fuskar Kwamfuta Ta Shiga Aji

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wata 'yar na'ura da shugabannin makarantu ke yi wa kallon kayan satar amsa, alhali mu malaman lissafi ya kamata mu fi kowa ɗaukar ta da daraja. Ina nufin kalkuleta mai zana giraf, irin TI-83 Plus da TI-84 Plus na kamfanin Texas Instruments na Amurka, ba Casio ɗin da yaranmu suka saba riƙewa ba.

A Amurka ɗaliban sakandare da yawa suna da ita, shi ya sa take biyo kayan gwanjo ta iso mana. Nawa na same su ne a wajen wani mai tsofaffin kayan lantarki kusa da kasuwar Wunti a nan Bauchi. Ɗaya a cikinsu, da na sa mata batir huɗu 'yan ƙanana na kunna, sai na tarar da wata manhaja mai suna Doors CS da mai ita na farko ya bari. Ina buɗe ta allon ya sauya. Ga 'yar kibiya tana yawo idan ka danna maɓallan sama da ƙasa, ga ƙananan hotuna a jere kowanne na shiri guda, ga jakunkuna da za ka ƙirƙira ka sa musu suna, ka kwafi fayil ko ka goge shi. Kwamfuta sak, a kan allon da faɗinsa ɗigo 96 ne, tsayinsa 64, babu launi sai baƙi.

Ba kamfanin ne ya yi wannan ba. Masu sha'awa ne, yawancinsu ɗalibai. Abin ya faro tun zamanin TI-85, lokacin da kamfanin bai yarda a gudanar da shiri da yaren injin kai tsaye ba, sai samari suka gano kafa ta hanyar sauya fayil ɗin ajiyar da ake mayarwa cikin na'urar, suka fito da wata manhaja mai suna ZShell da ke gudanar da irin waɗannan shirye-shirye. Daga baya aka yi Ion, aka yi MirageOS a 2000, sannan Doors CS ta Christopher Mitchell, wanda ya kafa dandalin Cemetech. Amfaninsu ya wuce ado. Wurin aikin TI-83 Plus, wato gurbin da shiri ke zama yayin da yake gudana, bai wuce kilobayit 24 ba, hoto guda na wayarka ya ninka shi sau da yawa. Shirye-shirye sai a adana su a wata ma'ajiya daban, wadda na'urar ba ta iya gudanar da su daga cikinta. Manhajar ce ke ɗauko shiri ta kawo shi wurin aiki, idan ka gama ta mayar. Wanda ya taɓa rubuta shiri ya yi kuskure na'urar ta sandare, ya zare batir ya mayar ya tarar komai na wurin aiki ya tafi, ya san darajar wannan.

Ƙwaƙwalwar da ke cikinta Z80 ce, ƙirar 1976. Wani zai ce tsohon yayi. Ni kuwa tsufan nan ne ya burge ni, domin yaro yana iya fahimtar injin tun daga tushe. Wata yarinya 'yar SS2 a ajina ta rubuta shirin warware lissafin kwadiratik da yaren TI-BASIC, wanda ke zuwa a cikin na'urar, a kan maɓallan kalkuletar kanta, babu kwamfuta, babu data. Ya ƙi aiki duk lokacin da abin da ke ƙarƙashin alamar tushe ya gaza sifili. Ta zo ta ce, "Malam, ta ce min kuskure." Na ce ta koma ta tambayi kanta dalili. Washegari ta dawo ta ƙara layin sharaɗi, kuma daga ranar ban sake yi mata bayanin wannan babin ba. Ɗakin kwamfutarmu kuwa yana kulle, ana jiran wuta ko kuɗin man janareta.

Masu tsoron maguɗi suna da hujja, ban musa ba. Ana iya cusa amsoshi a ciki, wasu manhajojin ma suna ɓoye fayil, kuma share wurin aiki ba ya taɓa abin da ke ma'ajiya. Don haka WAEC da NECO sun yi daidai da suka hana shiga jarrabawa da kalkuletar da ake tsara wa shiri. Shi kansa kamfanin, a 2020, ya toshe hanyar gudanar da shirye-shiryen yaren inji a sabuwar TI-84 Plus CE mai launi saboda wannan fargaba, ba a jima ba masu sha'awa suka ɓullo da wata dabara mai suna arTIfiCE suka sake buɗe ta. Amma hani a zauren jarrabawa daban, ƙwace ta daga jakar yaro ranar Talata daban, kamar yadda aka yi wa wani ɗalibi a wata makaranta a nan gari, aka haɗa da kiran mahaifinsa. Ba a hana ɗaki wuƙa don an taɓa yanka da ita.

Roƙona ga shugabannin makarantu shi ne su bari a kafa ƙungiyar masu koyon tsara shiri bayan an tashi, a riƙa ajiye na'urorin a ofis idan jarrabawa ta zo. Ɗaliban injiniya da kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji za su iya ba mu sa'a biyu ranar Asabar. Masu 'yan'uwa a waje kuma, idan za a aiko da tsofaffin, a haɗo da igiyar da ke sada kalkuleta biyu, domin da ita yara ke tura wa juna shiri, kuma ita ce ba ma samu a kasuwa.

Wassalam.

Wani malamin lissafi,
Yelwa, Bauchi