A Sauko da Galileo da Faraday Daga Allo Zuwa Hannun Yara

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da malaman kimiyya na makarantun sakandaren jihar Katsina, da kuma iyayen yara. Yaronmu na aji biyar zai jero maka sunayen Galileo da Newton da Faraday kamar karatun allo, har da shekarun da suka yi bincike. Amma miƙa masa zare da ƙaramin ƙarfe ka ce ya nuna maka abin da Galileo ya gano, sai ya tsaya yana kallonka. Kullum uzurin ɗaya ne, wai babu ɗakin gwaje-gwaje. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai yawancin waɗannan mutane da kayan da ba su fi na kasuwar Kofar Guga ko ta Daura ba suka yi aikinsu. Ga yadda za a maimaita kaɗan daga ciki, da inda ake yin tuntuɓe.

A fara da Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajajen 1040. Kafin shi, manyan masanan Girka irin su Batlamus suna ganin haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abu. A cikin Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai, ya kafa hujja cewa haske daga abin yake tasowa, ya bi miƙaƙƙen layi, ya shiga ido. Ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu wanda ke da 'yar ƙaramar kafa, kowace fitila ta yi ɗigon haskenta a bangon ciki. Da ya rufe ɗaya, sai ɗigonta kaɗai ya ɓace. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin bishiyar bedi da rana ya ga wannan: ɗigon hasken da ke ƙasa zagayayyu ne, alhali ramukan da ke tsakanin ganye ba su da wata siffa. Hoton rana ne kowanne.

Da wannan yara za su auna faɗin rana. A huda kwali da ƙusa siririya, rami mai faɗin milimita 2. A riƙe shi mita 2 cif daga farar takarda, a karkata takardar ta fuskanci rana sosai. Da'irar da za ta fito za ta kai wajen milimita 20 ko 21. A cire faɗin ramin, saura milimita 18 da 'yan kai. A raba milimita 2,000 da wannan, za a sami kusan 107. Nisan rana kilomita miliyan 150 ne; a raba shi da 107, faɗin rana ya fito kusan kilomita miliyan 1.4. Idan aka shimfiɗa takardar a ƙasa da safe ko da yamma, hoton zai miƙe kamar ƙwai, to sai a auna gajeren ɓangaren. Ramin da ya yi girma hoton kansa yake bayarwa, ba na rana ba. Lokacin hazo kuma bakin da'irar yakan dushe, gara a jira sama ta washe. Kada a bar yaro ko ɗaya ya leƙa rana ta ramin. Takarda ake kallo.

Inda na fi so malamai su tsaya shi ne lilon Galileo, domin yana yawan fitowa a jarrabawar aiki ta WAEC da NECO, kuma a nan ake yawan rubuta amsar littafi ba tare da an auna komai ba. Galileo ɗan Italiya ya rubuta wa wani abokinsa a 1602 cewa lokacin da lilo ke ɗauka ya je ya dawo bai dogara da faɗin kaɗawarsa ba. Daga baya ya bayyana cewa tsawon zaren ne ke mulki: ka ninka tsawon sau huɗu, lokacin ya ninka sau biyu. Huygens ɗan ƙasar Holan ya ɗora a kai, ya ƙera agogo mai lilo a 1656.

Kayan aiki: zaren ɗinki mai ƙwari wanda ba ya talewa, noti babba daga wurin makaniki, tef ɗin tela, da agogon waya mai ƙirga sakan. Kada a ɗaura zaren a jikin ƙusa kawai, domin ƙullin yana zamewa, tsawon yana canzawa. A matse shi tsakanin 'yan katako biyu a saman ƙofa. Tsawon kuma daga inda zaren ya fito daga katakon ake aunawa har zuwa tsakiyar notin, ba samansa ba. A sa mita 1 daidai. A ja notin gefe da kamar santimita 15, a sake shi ba tare da an tura ba. A ja layi da alli a ƙasa daidai inda notin ke tsayawa idan ya huta, a riƙa ƙirga duk lokacin da ya gifta layin yana tafiya gefe guda. Zuwa da dawowa sau 20 za su ci kusan sakan 40.2, wato sakan 2.01 kowanne. A ninka 2.01 da kansa, a sami 4.04. A ninka 39.48, wato 4 × π × π, lambar da ba ta canzawa, da tsawon zaren a mita, a raba da 4.04. Amsa kusan 9.77. Wannan shi ne abin da littafi ke kira g, wato yadda gudun abin da ke faɗowa ke ƙaruwa a kowane sakan.

Me ya sa 20 ba ɗaya ba? Yatsan mutum yana makara da kamar kashi ɗaya cikin biyar na sakan. A kan sakan 2 wannan babbar ɓarna ce, a kan sakan 40 kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Kuskuren da ya fi kama ɗalibai shi ne cewa "ɗaya" a lokacin da suka danna agogo. Nan "sifili" ake cewa. Wanda ya fara da ɗaya, 19 ya ƙirga yana zaton 20 ne, amsarsa za ta haura zuwa 10.8, kuma komai yawan maimaitawa haka za ta riƙa fitowa. Na biyu shi ne jan notin da nisa. A nan Galileo kansa bai cika daidai ba, kuma ya kamata a gaya wa yara haka ƙarara: idan kaɗawar ta kai digiri 30, lokacin yana ƙaruwa da kusan kashi 1.7 cikin ɗari, g kuma ta faɗi zuwa wajen 9.45. Maganarsa tana tsayawa ne a ƙaramar kaɗawa, ƙasa da digiri 10. Sai a kashe fanka, a rufe taga, kuma idan notin ya fara zagaye maimakon kai da kawowa a layi ɗaya, a tsayar a sake. A gwada da santimita 40, 60 da 80. Ya kamata a ga wajen sakan 25.4, 31.1 da 35.9. A ƙara noti na biyu a gefen na farko, yara su gani da idonsu cewa nauyi bai canza lokacin ba.

Wani zai ce littafi 9.8 ya rubuta. Haka ne, amma g ba ɗaya take ba a ko'ina. A 1672 Bafaranshe Jean Richer ya kai agogo mai lilo daga Faris zuwa Kayen, kusa da tsakiyar duniya a Kudancin Amurka, sai agogon ya riƙa makara da kusan minti biyu da rabi a kullum, har sai da ya rage tsawon lilon da kusan milimita 3. Newton ya kafa hujja da wannan a babban littafinsa na 1687 cewa duniya ta ɗan kumbura a tsakiya. Katsina tana kan digiri 13 arewa da layin tsakiyar, shi ya sa tamu ta ɗan gaza ta Landan, inda take 9.81. Agogon waya ba zai iya raba waɗannan biyun ba. Ɗalibin da ya samu tsakanin 9.6 da 10 da hannunsa ya yi aiki mai kyau, a ba shi makinsa. Wanda ya kawo 9.80 sau uku a jere shi za a sa ya sake a gaban malam.

Sai lantarki. A 1820 Oersted ɗan ƙasar Danmak ya lura allurar kamfas tana juyawa idan wuta ta bi ta wayar da ke kusa da ita. In babu kamfas, a goga allurar ɗinki da mayen ƙarfen tsohuwar sifika sau 40, duk ta gefe guda, a ɗora ta kan ɗan guntun soso a ruwa. A roba za a zuba ruwan, ba kwanon sha ba, don ƙarfen kwano yana jan allurar. Idan ta tsaya kudu da arewa, a miƙa waya a samanta, ita ma kudu da arewa, santimita ɗaya daga ruwan, a taɓa bakunan wayar a babban batirin tocila na sakan biyu kacal. Allurar za ta karkata. A juya batirin, ta karkata ɗaya gefen. Wanda ya gicciya wayar gabas da yamma sau da yawa ba ya ganin komai, sai ya ce gwajin bai yi ba. Batirin mota, ko na waya, ko wutar soket, ko kusa kada a kawo su nan.

Faraday ɗan maƙeri ne, yaron mai ɗinkin littattafai tun yana ɗan shekara 14, bai yi jami'a ba. Ya ce tunda wuta tana haifar da maganaɗisu, ya kamata maganaɗisu ma ya haifar da wuta, kuma a 1831 ya same shi. A sayi siririyar wayar jan ƙarfe wurin masu naɗin koyil ɗin fanka, a naɗa zagaye 200 a guntun bututun roba mai faɗin santimita 5. Wayar tana da shafi mai hana wuta wucewa, dole a kankare bakunan biyu da sanfefa har sai sun yi ƙyalli. Rashin yin haka shi ne abin da ya fi kashe wannan gwaji. A haɗa su da mitar masu gyaran rediyo, mai allura, a kan ma'auninta mafi ƙanƙanta. Mai lambobi tana jinkirin karatu, abin kan wuce ba ta gani ba. A kawo shimfiɗaɗɗiyar fuskar mayen ƙarfen sifika bakin naɗin da sauri, allura ta yi tsalle. A riƙe shi cik, allura ta koma sifili, komai ƙarfinsa. A fizge shi, ta buga baya. Wutar kaɗan ce, ba za ta kunna ƙwan tocila ba, kada a yi wa yara alkawarin haka. Motsin shi ne sirrin. Wani masani a Jeniba, Colladon, ya yi irin wannan gwaji a 1825, amma ya ajiye mitarsa a wani ɗaki don kada mayen ƙarfen ya dame ta; kafin ya taka ya isa, allura ta riga ta kwanta. Janaretan mai shago, da injinan madatsar Kainji, da fankokin iska na Lambar Rimi, duk wannan motsin suke yi, da naɗi mai yawa da juyawa ba tsayawa.

Akwai ɗaya da Allah ya ba Katsina sauƙinsa. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, Eratosthenes ya auna kewayen duniya da inuwa: ranar da rana ke tsaye cak a kan Aswan ta ƙasar Masar, a Iskandariyya da ke arewa da ita inuwa tana nuna digiri 7.2, kashi ɗaya cikin 50 na da'ira, don haka nisan da ke tsakanin garuruwan biyu shi ne kashi ɗaya cikin 50 na kewayen duniya. Mu ma muna da irin wannan rana sau biyu a shekara, wajen 24 ko 25 ga Afrilu, da 18 ko 19 ga Agusta. A birnin Katsina zawali yana kamawa wajen ƙarfe 12:28 a ta Afrilu, ba sha biyu daidai ba, kuma a lokacin sandar da aka kafa a miƙe ba ta da inuwa. Malamanmu na zaure da ke auna inuwar zawali don sanin shigar azahar ba baƙi ba ne a wannan. Abuja kuma tana kudu da mu kusan a layi ɗaya, kilomita 437 a miƙe. A wannan lokacin sanda mai tsawon mita 1 a Abuja za ta yi inuwar santimita 6.9 tana kallon kudu, wato digiri 3.9. A raba 360 da 3.9, a ninka da 437, a sami kilomita dubu 40 da 'yan ɗari, kusa ƙwarai da ainihin kewayen duniya. Abu biyu ke ɓata lissafin: sa nisan titin mota, wanda ya fi na miƙe, da karkatar sanda. Santimita ɗaya ta kauce a sama, amsar ta kauce da dubban kilomita, don haka a daidaita ta da zare mai nauyi a ƙasa, irin wanda magina ke duba miƙewar bango da shi, a kuma tabbatar daɓen ba gangare ba ne.

Agusta damina ce, gajimare na iya hanawa, don haka Afrilu za a nufa. Roƙona ga shugabannin makarantun Katsina da Daura shi ne kowa ya nemi makaranta guda a Abuja tun yanzu, a yi musayar lambar waya tsakanin malaman fiziks. Kai kuma Edita, idan sun aiko maka da tsawon inuwar da yaransu suka auna, da sunan makaranta da lokacin da aka yi awon, ka ba su ɗan gurbi a wannan shafi ka buga yadda suka samu, ko da ya kauce.

Naka mai bibiyar jaridarka,
Daga birnin Katsina.