Wasiƙa Zuwa Gusau Kan Allo na Biyu da Ya Ƙi Kamawa

Birnin Kebbi,
Jihar Kebbi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya iyali, ya jikin Hajiya, ya kuma kasuwa? Mu nan alhamdu lillahi, sai zafin Birnin Kebbi da ka sani.

Saƙonka na murya ya iso, har da hotunan bayan kwamfutar. Na zaɓi in rubuto maka a natse, don in na kira ka rabin maganar sabis ne zai cinye ta. Ka ce ka sayi siririyar kwamfuta ta hannu, OptiPlex 7010, kana so ka buɗe hoton rubutun ɗalibai a allo ɗaya, kana buga shi a ɗayan, musamman yanzu da 'yan jami'ar Gusau suka fara kawo furojet. Allo na biyu ya ƙi kamawa, kuma wani ya ba ka shawarar sayen katin hoto, wato na'urar da ake ƙara wa kwamfuta a ciki don fitar da hoto zuwa allo. Kada ka saya tukuna. Kwamfutar nan tun daga kamfani an yi ta ne don ma'aikatan ofis masu allo biyu. Ta fito a 2012, kuma a bayanta akwai rami uku na allo: VGA ɗaya, shuɗin nan mai ƙofofi 15, da DisplayPort guda biyu. HDMI ne babu.

Mu fara da wayar nan mai baki biyu da na gani a hoto. Cire ta ka ajiye. Sigina ɗaya take rabawa gida biyu, ita kwamfutar allo ɗaya take gani, saboda haka duk abin da za ka danna, abin da ke wannan shi zai fito a wancan, wani lokacin ma hoton ya dusashe. Kowane allo sai da nasa ramin.

Wayar da ka sayo daga baya ita na fi zargi. DisplayPort da HDMI sun yi kama, har masu shago kan rikita su. Duba bakin da kyau: na HDMI kusurwa biyu aka zabtare, na DisplayPort kusurwa ɗaya. Irin wannan waya da ke haɗa su titi ne mai hannu ɗaya. Wadda kake buƙata ita ce mai ɗaukar hoto daga DisplayPort na kwamfuta zuwa HDMI na allo. Akwai kishiyarta, mai ɗauka daga HDMI zuwa DisplayPort, galibi za ka gan ta da ɗan wutsiyar USB don jan wuta. In ita aka ba ka, ko za ka kwana kana jonawa ba abin da zai fito. Karanta ledar, wanda aka fara rubutawa shi ne ɓangaren kwamfuta. Ni ma nan wani mai shago ya taɓa rantse mini cewa duk ɗaya ne, kuma na san ba cuta ya nufa ba, shi ma haka aka gaya masa. Sannan yawancin kan DisplayPort yana da ɗan makulli, sai ka danna kafin ka zare. Kada yaron shagonka ya fizge shi da ƙarfi ya taho da ramin.

In kuwa allon naka tsoho ne mai VGA kaɗai, adafta za ka nema daga DisplayPort zuwa VGA. Tana da ɗan ƙwaƙwalwa a ciki mai juya siginar, don haka masu arha sosai ba su cika daɗewa ba.

Kafin ka koma kasuwa, yi wannan gwajin. Cire allon farko, ka jona na biyun shi kaɗai da wayar VGA da ka tabbatar tana aiki. In ya kama, allon lafiyarsa ƙalau. Danna maɓallin da ke jikinsa ka zaɓi mashigar da wayar take, domin tsofaffin alluna da yawa ba sa nema da kansu. Kana iya jona HDMI shi kuma yana can yana jiran VGA. Leƙa bakin wayar ma, allura ɗaya in ta lanƙwashe sai ka ga fari ya koma ruwan hoda ko ɗorawa.

In waya ta yi daidai, saura Windows. Danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Extend, mai shimfiɗa aiki a allo biyu, ba Duplicate mai maimaita hoto ɗaya ba. A wurin saitin Display ka danna Detect, sannan Identify, lamba 1 da 2 za su fito a kan allunan, sai ka ja akwatunan su zauna yadda suke a teburinka. In ba haka ba za ka tura linzami dama ya ɓullo ta hagu.

Wurin da mutane suka fi mantawa shi ne direba, wato manhajar da ke sa Windows ta iya sarrafa na'urar hoton kwamfutar. Masu sayar da kwamfutar hannu sukan loda Windows da filas cikin gaggawa su miƙa maka, ba su sa direban hoto ba. Buɗe Device Manager, ka duba ƙarƙashin Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, to ka kama ɓarawon, don wannan na wucin gadi ne, ba ya shimfiɗa aiki a allo biyu. Abin da ya kamata ka gani shi ne Intel HD Graphics, 2500 ko 4000, ya danganta da firosesarka. Bar Windows Update ya yi aikinsa cikin dare lokacin da data ke da sauƙi, ko ka shiga shafin Dell da lambar Service Tag, haruffa da lambobi 7 da ke manne a jikin akwatin.

Dalilin da na hana ka katin hoto ba kuɗin kaɗai ba ne. Akwatin siriri ne, sai kati mai gajeren ƙarfe yake shiga, dogon ba zai bari murfi ya rufu ba. Wutar cikinta wat 240 ce, ba ta da wayar ciyar da manyan katuna, iyakarka ƙanana irin GT 710 ko GT 1030. Kuma da ka sa kati, ramukan asali sukan yi shiru, sai ka shiga BIOS, wato saitin asali na kwamfutar, ta danna F2 lokacin da take tashi, ka kunna Multi-Display. A buga takardu da ɗan CorelDRAW ba za ka ga bambancin da ya kai wannan wahala ba. In ma wani ya kawo maka tsohon katin ofis mai rami ɗaya da ya yi kama da DVI, ka kula, yana iya zama DMS-59, wanda ba ya aiki sai da wayarsa ta musamman, ita kuwa samunta aiki ne.

Wani abu da zai iya ba ka haushi bayan komai ya kama: in aka ɗauke wuta allon da ke kan DisplayPort ya mutu, Windows takan ɗauka an zare shi, sai ta kwashe duk tagoginka ta jibge a ɗayan. Sa allunan biyu a kan inbata tare da kwamfutar. Ƙarin bai wuce wat 20 zuwa 30 ba ga allo madaidaici, batirinka zai ɗauka. Ka kuma sani Windows 10 ta daina samun gyara daga Microsoft tun 14 ga Oktoba 2025, kuma firosesarka ba ta cikin jerin na Windows 11. Wannan zancen wata rana ne, amma ka riƙa kwafe aikin mutane a filas.

Ka turo mini hoton ledar wayar da na bayan allon biyun. In ta tabbata sai an canza, kada ka biya kafin a gwada maka a gabanka. Ka ɗauki akwatin ka je da shi, ai ba shi da nauyi. In ba ka samu a Gusau ba ka faɗa mini in duba nan, in bai wa direban mota ya biyo ta Sakkwato ya kawo maka, in haɗa maka da ɗan banda na Yauri.

Ka gaida Hajiya da jiki, ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
Amininka na Birnin Kebbi.